Sayen Tikitin Jirgin Ƙasa Tun da Wuri a Ƙasashen Waje

Kowace shekara bayan an yaye 'yan aji shida, ba a rasa waɗanda Allah yake buɗe wa hanyar ƙaro ilimi a ƙasashen waje. Malamai da iyaye su ma sukan tafi taro, ko neman magani, ko ziyarar 'ya'yansu. Mai irin wannan tafiya yakan sa hankalinsa duka a kan fasfo da biza da tikitin jirgin sama. Yakan manta cewa jirgin sama a babban birni zai sauke shi, alhali garin da za shi yana iya yin nisan Jos zuwa Kano, ko ma fiye. A Turai da Indiya, jirgin ƙasa ne yawanci yake ƙarasa da mutum wannan sauran hanya, kuma a nan ne baƙo yakan yi hasarar kuɗin da ya isa ya ci abinci mako guda, saboda rashin sani kawai.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, tikitin da aka saya tun da wuri yarjejeniya ce tsakaninka da kamfanin jirgi. Su za su rage maka kuɗi, kai kuma ka yi alkawarin shiga jirgi kaza, ranar kaza, da ƙarfe kaza. Wanda ya gane haka zai san ranar da saye da wuri riba ne, da ranar da tarko ne. Zan fi ba da misali da Birtaniya, domin can ne ɗalibanmu da yawa suke nufa, sa'an nan in taɓa waɗansu ƙasashe kaɗan.

Tashar motarmu da tashar jirginsu

A tashar mota a nan gida, mota ba ta tashi sai ta cika. Fasinja yakan zo da safe, ya yi ciniki da ɗan kamasho, ya zauna yana jira. Wani lokaci ma wanda ya zo daga ƙarshe shi yake samun ragi, don direba ya ƙosa ya kama hanya. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya ɗan sauya mana wannan hali, musamman tun da aka soma sayar da tikitinsa ta intanet a 2021. Amma a can, amfanin saye da wuri shi ne samun kujera. Kuɗin bai dogara ga ranar da ka saya ba.

A Birtaniya da Faransa da Jamus abin dabam yake. Jirgi yana tashi a kan lokacinsa, ko ya cika ko bai cika ba, kuma babu ciniki. Mutum biyu suna iya zama kafaɗa da kafaɗa a tarago ɗaya, za su gari ɗaya, amma ɗaya ya biya ninki uku ko huɗu na abin da ɗayan ya biya. Ba cuta aka yi masa ba. Na farkon ya saya makonni kafin tafiya, na biyun kuwa ya saya a tasha da safen nan.

Dalilin da ya sa kuɗin yake hawa

Ba haka aka fara ba. Sa'ad da aka buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a 1830, da hannu akawu yake rubuta wa kowane fasinja takardarsa. Kafin 1840 wani shugaban ƙaramar tasha a arewacin Ingila, mai suna Thomas Edmondson, ya ƙirƙiro ɗan guntun kwali mai lamba wanda ake buga wa kwanan wata. Irin wannan kwali ya bazu a duniya, kuma a Birtaniya ba a daina aiki da shi ba sai a 1990. A zamanin kwali, kuɗin tafiya ya fi dogara ga nisan hanya da darajar taragon da mutum ya shiga.

Kwamfuta ce ta kawo sauyi, kuma daga kamfanonin jirgin sama aka koyo dabarar. A 1993 hukumar jiragen ƙasa ta Faransa, wato SNCF, ta soma aiki da wani tsari mai suna Socrate, wanda aka gina a kan na kamfanin American Airlines. Da farko ya jawo dogayen layuka da gunaguni a tashoshi, amma dabarar ta zauna, har ta bazu zuwa sauran ƙasashe.

Ga yadda lissafin yake. Kujerar jirgi kamar tumatir take a hannun ɗan kasuwa, ba ta ajiyuwa. In jirgin ƙarfe goma ya tashi da kujeru ɗari babu kowa a kai, kuɗinsu ya tafi har abada, ga shi kuwa an biya direba, an sha wuta ko mai. Saboda haka kamfani yakan kasa kujerun kowane jirgi kashi-kashi. Kashin farko mai araha ne ƙwarai, don a jawo waɗanda ba su da gaggawa, kamar ɗalibai da masu ziyara. In ya ƙare sai a buɗe na biyu mai ɗan tsada, haka har zuwa sama. Kujerun ƙarshe ana ajiye su ne domin wanda tilas ya yi tafiya yau, kome tsada. Jirgin da mutane suke rububinsa, kamar na safiyar Litinin ko na yammacin Jumma'a, arahar da ake sa masa kaɗan ce, kuma nan da nan take ƙarewa. Na tsakar ranar Talata ko Laraba kuwa yakan daɗe da araha.

Tikiti iri uku

Tun 2008 aka tattara sunayen tikitin Birtaniya zuwa manyan iri uku. Ya kamata a haddace su yadda ake rubuta su, domin haka za a gan su a allo.

Na farko shi ne Advance. Shi ne mafi araha yawanci, kuma shi ne ainihin tikitin saye da wuri. Na zuwa ne kaɗai, in kana son dawowa sai ka sayi wani. Yana aiki a jirgin da aka rubuta a kansa kawai. Ba a yarda ka sauka a wata tasha a hanya ka ci gaba daga baya ba. In ka fasa tafiya don ra'ayin kanka, ba a mayar maka da kuɗi. Ana iya sauya rana ko lokaci kafin jirgin ya tashi, amma za ka cika bambancin kuɗi, sau da yawa kuma da ɗan ladan aiki a kai.

Na biyu shi ne Off-Peak. Wannan bai ɗaure ka ga jirgi ɗaya ba, sai dai ya hana ka shiga a lokutan cunkoso, wato sa'ad da ma'aikata suke tafiya aiki da safe, a waɗansu layuka kuma har da lokacin tashinsu da yamma. Sa'o'in sun bambanta daga layi zuwa layi, don haka a duba. Asabar da Lahadi yawanci babu wannan hani. Kuɗinsa ba ya hawa don ranar tafiya ta matso.

Na uku shi ne Anytime. Da shi kana iya shiga kowane jirgi a kan hanyar da aka rubuta. Shi ne mafi tsada, kuma shi baƙo yakan faɗa wa in ya iso tasha da sassafe ba shiri.

Akwai 'yan sauye-sauye da ake yi. A 2024 kamfanin LNER ya soma gwajin wani sabon tsari a kan hanyar Landan zuwa Newcastle da Edinburgh, inda ya cire Off-Peak ya kawo tikitin da yake ba mutum damar shiga jirgin da ke gaba ko bayan nasa da minti 70. A Satumban 2025 kuma jiragen ScotRail na Sikotilan suka daina karɓar ƙarin kuɗin lokacin cunkoso. Darasin shi ne, a karanta sharuɗɗan da ke jikin tikiti kafin a biya.

Yaushe ya kamata a saya?

A Birtaniya an saba fitar da tikitin Advance wajen mako 12 kafin ranar tafiya, domin a daidai lokacin ne ake tabbatar da jadawalin jirage. Waɗansu kamfanoni suna fitarwa tun kafin haka. Wanda ya duba wata biyar kafin tafiya ya ga tsada kaɗai, kada ya yi gaggawar biya, mai yiwuwa masu arahar ba su fito ba tukuna. Wanda kuma ya makara kada ya fid da rai, gama kamfanoni da yawa suna sayar da Advance har ranar tafiya in akwai saura. Duk da haka, da sanyin safiya ake kama fara.

Akwai ranakun da suke bukatar lura. Ranar Kirsimati jiragen ƙasa ba sa aiki a Birtaniya, washegari ma kaɗan ne suke fita, saboda haka kwanakin da ke gabanta cike suke maƙil. Gyaran layin dogo kuma an fi yinsa ran Asabar da Lahadi da lokacin hutun Ista. A irin ranakun nan akan sauke fasinja a wata tasha a sa su a bas, tafiyar awa biyu ta koma uku ko huɗu.

Ranar da ka sauka daga jirgin sama

Nan ne tarkon yake, kuma ina roƙon iyaye su lura. A ce ɗaliba za ta sauka a filin jirgin sama na Heathrow da ƙarfe shida na safe, za ta wuce jami'a a York. Kawunta, da kyakkyawar niyya, ya saya mata Advance na ƙarfe takwas da rabi don yana da araha. To, jirgin sama yana iya makara. Layin duba fasfo yana iya cin awa ɗaya ko biyu, musamman a watan Satumba da sababbin ɗalibai suke kwarara. Ga jiran kaya, ga tafiyar wajen awa ɗaya a jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly kafin a kai tashar King's Cross. In ta iso jirgi ya tafi, tikitin ya mutu. Kamfanin jirgin ƙasa ba ruwansa da makarar jirgin sama. Sai ta sayi sabo a farashin ranar, an biya sau biyu ke nan, garin neman gira an rasa ido.

Mafita uku ce. Ko a bar tazara mai yawa, kamar awa huɗu ko biyar, tsakanin saukar jirgin sama da tashin jirgin ƙasa. Ko a sayi Off-Peak, wanda in wannan jirgi ya wuce sai a shiga na gaba. Ko kuwa a kwana a Landan in akwai masauki, a yi tafiyar washegari da Advance. Zaman jira a tasha da kofin shayi ya fi gudu da akwati biyu a garin da ba ka sani ba.

Haka kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. A jira fasfo ya dawo hannu tukuna.

Yadda ake saye da karɓa

Ana saye ta intanet daga ko'ina a duniya, ko a tagar tasha in mutum ya riga ya isa. Kowane kamfanin jirgin ƙasa na Birtaniya yana sayar da tikitin sauran layuka, ba nasa kaɗai ba, kuma yawanci ba ya ƙara kome a kai. Akwai dillalai masu zaman kansu, waɗansunsu sukan ɗora ɗan lada. Kafin tafiya a tambayi banki ko katin mutum zai yi aiki a waje, da iyakar abin da zai iya kashewa.

Wajen karɓa akwai hanya biyu. Ana iya aiko da tikitin cikin wayar hannu, da wani zane mai kusurwa huɗu wanda ake nuna wa na'urar ƙofa. Ko kuwa a ba ka lamba ka je na'urar tasha ta buga maka na takarda, amma sau da yawa na'urar takan nemi katin da aka biya da shi. Saboda haka in wani ne ya biya maka daga gida, zaɓi na waya ya fi. A tabbata wayar tana da caji, gama mai duba tikiti ba ya karɓar uzurin mutuwar batir.

Abu uku ne suka fi rikita baƙo. Na ɗaya, agogo. Jadawalinsu na awa 24 ne, 07:30 safiya ce, 19:30 kuwa bakwai da rabi na dare. Na biyu, tasha. Landan tana da manyan tashoshi da yawa, kowace da nata ɓangaren ƙasa. King's Cross ta York da Newcastle da Edinburgh ce. Euston ta Birmingham da Manchester da Liverpool da Glasgow. Paddington ta Bristol da Cardiff. St Pancras ta Leicester da Nottingham da Sheffield. Wanda ya je wadda ba ita ba, kafin ya gyara jirgi ya tafi. Na uku, kamfani. Wani tikitin na kamfani ɗaya ne tak, ko da jirgin wani kamfanin yana zuwa gari ɗaya daga tasha ɗaya. A kuma sani ana rufe ƙofofi kafin lokacin tashi da ɗan kaɗan.

Hanyoyin samun rangwame

Ɗalibi mai shekara 16 zuwa 25 yana iya sayen katin rangwame da ake kira Railcard, wanda yake rage sulusin kuɗin yawancin tikiti har shekara guda. Ba sai ɗan ƙasa ba, baƙo ma yana iya saye. Akwai irinsa na masu shekara 26 zuwa 30, da na dattawa daga 60, da na mutum biyu masu tafiya tare, da na iyali. Sharaɗinsa shi ne katin ya kasance tare da kai a cikin jirgi. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa biya, daga 5 zuwa 15 kuma rabin kuɗi ne.

Wata dabara ita ce raba tafiya. Wani lokaci tikiti biyu, daga farko zuwa wata tasha a tsakiya, sa'an nan daga can zuwa ƙarshe, sun fi guda ɗaya araha. Doka ta yarda da haka, muddin jirgin yana tsayawa a tashar da aka raba. Ba sai ka sauka ba.

Haƙƙinka da nauyin da ke kanka

Yarjejeniya ba gefe ɗaya take ɗaurewa ba. In an soke jirginka, ko jirgin farko ya makara har ka rasa na biyun da ke cikin tikitinka, za a bar ka ka shiga na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ka nemi ma'aikaci ka gaya masa. In ka fasa tafiyar saboda an soke jirgin, ana mayar da kuɗi har na Advance. Akwai kuma diyyar makara, wadda kamfanoni da yawa suke biya daga minti 15, waɗansu daga minti 30. Amma sai ka nema, don haka kada ka yar da tikiti.

Ta wancan gefe kuma, shiga jirgi ba tikiti mai kyau laifi ne. Tun Janairun 2023 tarar da ake ci a layukan Ingila masu wannan doka ita ce fam 100 ban da kuɗin tafiyar, ana rage ta zuwa fam 50 in an biya cikin kwana 21. Wanda aka ga da gangan ya yi, ana iya kai shi kotu. Ɗalibin da yake zaune da biza bai kamata sunansa ya shiga irin wannan littafi ba saboda 'yan fam kaɗan. Gaskiya ita ce mafi araha.

Sauran ƙasashe a taƙaice

Jirgin Eurostar yana bi ta ramin da aka haƙa a ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, mai tsawon kilomita 50, wanda aka buɗe a 1994. Daga St Pancras zuwa birnin Faris awa biyu ne da 'yan mintoci. Kuɗinsa yana hawa kamar na jirgin sama, ana duba fasfo kafin shiga, kuma bizar Birtaniya ba ta shigar da mutum Faransa.

A Faransa, jirgin TGV mai gudun gaske, wanda ya soma aiki a 1981, ba a shigarsa sai da kujerar da aka keɓe, in ya cika ya cika. A Jamus akwai Sparpreis mai araha wanda yake ɗaure mutum ga jirgi ɗaya, da Flexpreis mai tsada wanda yake sake shi, kujera kuma yawanci dabam ake biyan kuɗin keɓe ta. A Italiya, wanda ya sayi tikitin takarda na ƙananan jirage sai ya sa shi a na'urar tasha ta buga masa lokaci kafin ya shiga, in ba haka ba tara ce.

Indiya, inda mutanenmu suke zuwa karatu da asibiti, matsalarta ta fi kama da tamu, wato samun wuri. Jiragen dogon zango sukan cika makonni kafin tafiya. Tun Nuwamban 2024 ana buɗe sayarwa kwana 60 kafin tafiya, a da kuwa kwana 120 ne. Suna sayar da tikitin jerin masu jira, wanda bai tabbatar wa mutum wuri ba sai in waɗansu sun fasa. Akwai kuma Tatkal, wani kaso da ake buɗewa kwana ɗaya kafin tafiya da ƙarin kuɗi, wanda yakan ƙare cikin mintoci.

Inda ba a bukatar saye da wuri

Ba kowace tafiya ce take bukatar wannan shiri ba. Jiragen cikin gari da na gajeren zango kuɗinsu a tsaye yake, ba kuma a keɓe kujera. A cikin Landan ana taɓa katin banki ko katin Oyster ne a ƙofa, a shiga. Saye da wuri na dogon zango ne da jirage masu sauri.

Saboda haka, ɗalibai da iyaye, kafin a biya a yi wa kai tambaya ɗaya: na tabbata zan kasance a tashar nan, ranar nan, da ƙarfe kaza? In amsar i ce, a saya tun da wuri a ci ribar shiri. In akwai shakka, a ƙara kuɗi kaɗan a sayi wanda ba ya ɗaure mutum. In kuma abu ya shige duhu a tasha, a tambayi ma'aikaci, gama matambayi ba ya ɓata. Masu shirin tafiya bana, Allah ya kiyaye hanya, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku da ilimi mai amfani.